Bishiyar Yidir

Asabar, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Na taso daga Aljiyas da jaka ɗaya, a zatona ɗan kwana biyu zan yi a ƙauye in koma. Na tarar da yayana, Dadda Mukran, zaune a bakin ƙofa ya ɗora ƙafa kan kujera. Ko sannu da zuwa babu.

"Farruja, wa ya aiko ki?"

"'Yarka. Ta kira ni daga Faransa tana kuka."

"Tiziri ba ta da aikin yi."

Haka yake tun muna yara. Magini ne, kuma dutsen da yake sarawa ya fi shi fara'a. Na kwance tsumman da ya ɗaure ƙafar da shi. Gyambon yana ƙarƙashin babban yatsa, gefensa ya fara baƙi, ga wari. Ciwon suga ne ya kai shi nan. Likita a Tizi Wuzu ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa tun abin bai hau sama ba. Dadda ya ce da ƙafa biyu ya zo duniya, da biyu za a kai shi makwancinsa.

Na yi shekaru ina koya wa yaran mutane lissafi, ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin na gidanmu ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, da hantsi

Nanna Zahwa ta shigo, tsohuwar maƙwabciyarmu, ƙawar mahaifiyarmu Yemma tun suna amare. Ta duba ƙafar ta yi tsaki.

"Ki riƙa ba shi shayin ganyen ɓaure safe da yamma. Ki tsinko kafin rana ta taɓa shi. Farin nonon nan da ke fitowa a gindin ganye ki bar shi ya tsane, kar ya taɓa miki fata, ƙaiƙayi gare shi. Amma na bishiyarsa, kin ji ko?"

"Tasa ta ƙone bara, Nanna."

"To ki sauka gonata ki tsinko, waɗancan ba su da mai su. Kar dai..." Sai ta yi nuni da haɓa zuwa bayan gida.

Mu uku Yemma ta haifa. Kowannenmu ranar da ya zo duniya ta binne mabiyiyarsa a bayan gida ta dasa ɓaure a kai. Kowa da bishiyarsa, kowa tasa yake ci. Wutar dajin bara ta cinye ta Dadda, ta babbake tawa. Ta Yidir kaɗai ta zagaye ta bari.

Yidir shi ne na tsakiya. Yana saurayi ya shiga jirgin kamun kifi a Azeffun, jirgin ya dawo, shi bai dawo ba. Daga ranar Yemma ta hana kowa taɓa bishiyarsa har ta rasu. 'Ya'yan su nuna, su faɗo, tsuntsaye su ci.

Gonar Nanna tana can ƙasan kwari, ni kuwa gwiwoyina ba na jiya ba ne. Ganye ai ganye ne.

Talata, 10 ga Satumba, da safe

Na tsinko daga bishiyar Yidir, na wanke, na yayyaga guda biyu cikin tukunya, na bari ya tafasa har ruwan ya yi launin zuma. Ƙamshinsa kamar na kwakwa, ya cika ɗakin girki. Dadda ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Gishiri kika sa?"

"Wa ke sa gishiri a shayi?"

"To akwai."

Ban ɗanɗana ba, ni mai gahawa ce, ruwan ganye bai dame ni ba. Ya dai shanye. Sauran ganyen na shimfiɗa su a kan tabarma a ɗakin Yemma, inda rana ba ta shiga, su bushe.

Alhamis, 12 ga Satumba, da yamma

Warin ya ragu.

Litinin, 16 ga Satumba, tsakar rana

Baƙin gefen ya zube, naman ƙasa ja ne mai kyau. Na yi hamdala har sau nawa ban sani ba.

Ɗazu ina wanke kwanoni na ji fito daga tsakar gida. Gajeru biyu, sai dogo ɗaya mai hawa sama, fiton da na sani tun ina yarinya. Na fito da kumfa a hannu. Babu kowa sai Dadda a kujerarsa, idonsa a rufe, rana na dukansa. Dadda da ke marin mu in mun yi fito, ya ce kiran shaiɗan ne.

Wataƙila wani ne ya wuce ta bayan katanga. Ba komai ba ne.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan azahar

Mai kifi ya shigo ƙauye da motarsa yana ta danna oda. Dadda ya ƙwala min kira.

"Ki tare shi! Sardin, ki zaɓo masu ƙiba!"

Tun da teku ta riƙe Yidir kifi bai sake shiga bakin Dadda ba, ko ƙamshinsa ya ji a gida sai ya fita. Na saya, na soya da tafarnuwa. Ya cinye tas, yana tsotsar ƙaya, mai na bin gemunsa. Ya dube ni ya yi dariya. Sai yau na san haƙorinsa ɗaya na gefe ya fita, don ban taɓa ganin cikin bakinsa ba.

Da hagu ya ci. A gidanmu mutum ɗaya ne bahago, shi kuwa teku ta riƙe shi.

Ƙafar tana kyau.

Juma'a, 20 ga Satumba, da la'asar

Na kawo masa shayin yamma. Ya karɓa bai dube ni ba, ya ce, "Makwarwa, har yanzu da gudu kike tafiya kamar an koro ki?"

Tiren ya suɓuce min. Na durƙusa ina tsince kofin da ya fashe, na daɗe a durƙushe don kar ya ga fuskata. Mutum ɗaya ne ya taɓa kirana da sunan nan, saboda yadda nake rugawa cikin itatuwan zaitun ina ƙarama. Ko Yemma ba ta kira ni haka ba.

Ya kamata in ji tsoro. Na ji, amma kaɗan. Abin da ya fi yawa ba zan rubuta shi ba.

Talata, 24 ga Satumba, da hantsi

Nanna Zahwa ta kawo mana gurasa mai zafi da man zaitun. Tana shigowa ya tashi tsaye, a kan ƙafar nan, ya buɗe hannuwa.

"A'a, Nanna mai sanda! Har yanzu kina gadin inabin nan naki mai tsami? Wallahi ko kyauta kika ba ni yanzu ba na so."

Ta tsaya cak. Ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye gurasar a ƙasa maimakon ta miƙo min. Na raka ta bakin ƙofa, ta damƙe min hannu, tsohuwa sai ƙarfi.

"Ganyen wa kike ba shi?"

"Nanna, ganye ai..."

"Rufe min baki, malamar makaranta. Wanda ba a binne ba, ina kike zaton yake kwana? Ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a duniyar nan sai inda aka binne mabiyiyarsa. Uwarku ba hauka take yi ba da ta ce a bar masa abinsa."

"Amma kin ga ƙafar. Kin ga ya tsaya a kanta."

"Na ga ƙafa. Mai ƙafar nake tambaya, yana ina?"

Na ce mata camfi ne. Ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta tafi ba sallama. Na ji haushinta ƙwarai, har yanzu ma ina ji.

Alhamis, 26 ga Satumba, tsakar rana

Mun zauna a inuwar katanga. Ya tuna min ranar da muka sa wa jakin liman hular Baba, da yadda na ɓuya cikin randar mai na fito ina sheƙi. Dadda ba ya nan ranar, yana wurin aiki a Bijaya. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, har hawaye. Ban san rabon da in yi dariya irin wannan ba.

Da ya tashi, tabarmar da ya zauna a kai jiƙe take sharkaf. Na shanya ta. Da ta bushe sai ga fari-fari a kanta kamar gishiri.

Na ƙara tsinko ganye da yawa na shimfiɗa a ɗakin Yemma. Sanyi na tafe, bishiya za ta zubar.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Tiziri ta kira ta waya mai hoto. Na kai masa ina murna, ta ga ubanta a tsaye.

"Baba! Wallahi ka yi kyau! Gwaggo Farruja, me kika ba shi?"

Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, yana murmushi irin na wanda ya ga baƙuwa.

"Masha Allah. Makwarwa, 'yar wa ce wannan kyakkyawar?"

Tiziri ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ya sake tambaya. Dariyar ta tsaya. Na fizge wayar na ce layi ne ba kyau, na kashe.

Bayan tafiyar Yidir aka haifi Tiziri. Uwarta ta rasu tana goye, Dadda ne ya raine ta, shi ke yi mata kitso da hannuwan nan nasa na magini. Ta sake kira har sau uku, ban ɗauka ba.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Na sauka gonar Nanna. Gwiwoyina sun gaya min. Daga yau ganyenta zai sha.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da yamma

Ya ce shayin salam yake, ba ɗanɗano. Ya ce na cika ɓarnar mai. Ya ce wa ya shigo masa da ƙarnin kifi gida. Ya kira Tiziri da kansa ya yi mata faɗa a kan ba ta sa rigar sanyi.

Dadda ne. Alhamdu lillahi.

Gidan ya yi shiru. Warin ya dawo.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Zazzaɓi tun jiya. Baƙin ya haye yatsa biyu, ya kama hanyar idon sawu. A kwana biyar ya cinye abin da muka samu a mako uku. Yana nishi yana cije leɓe, ya ƙi a kira mota.

Na shiga ɗakin Yemma na ɗebo busasshen ganyen.

Don ƙafar na yi. Duk wanda ya ga ƙafar nan haka zai yi. Don ƙafar na yi.

Talata, 8 ga Oktoba, tsakar rana

Zazzaɓin ya sauka. Ya yi fito. Mun yi hira.

Laraba, 9 ga Oktoba, da sanyin safiya

Na kawo shayin safe, ya sa tafin hannu ya rufe kofin. Hannun dama.

"Zauna, Farruja."

Na zauna. Dadda bai taɓa ce min in zauna ba.

"Na san ganyen wa kike ba ni. Tun ranar gishirin nan na sani, na yi shiru, don ina son ƙafata. Amma ba ki san inda nake zuwa ba in na sha."

"Ina kake zuwa? Kana nan a kujerarka."

"Wani wuri ne mai duhu. Sanyi har cikin ƙashi, ruwa cike da kunnena. Ba sama ba ƙasa. Ina jiyo ki can nesa kina dariya da wani, in buɗe baki in kira ki, ruwa ya shiga." Ya goge fuska da tafin hannu. "Da fari ɗan lokaci ne, in dawo. Yanzu in na sha na safe ba na dawowa sai gab da asuba. Kullum sai na fi jiya daɗewa."

Ya dubi ƙafar kamar ba tasa ba.

"Ki kira mota su yanke. Ina so in ga ranar auren Tiziri ko a kan sanda ne, in kuma san ita ce."

"Dadda, ƙafar tana warkewa."

"Wa za ta warke wa?" Ya ture kofin. "Na san kin fi son sa. Kowa ya fi son sa, ni ma haka. Amma ni ne mai 'ya."

Laraba, bayan azahar

Na kira direban ƙauye, ya ce sai ya dawo daga kasuwa. Dadda ya kwanta a tsakar gida. Ban san me ya sa na ɗora tukunya ba. Hannuna ne ya saba.

Rana na tsaka na ji fiton, a hankali, dogon ma bai kai ƙarshe ba. Na fito. Idonsa a buɗe, leɓensa ya yi shuɗi, yana rawar sanyi cikin wannan rana.

"Makwarwa. Ina jin ƙamshinsa. Kawo min."

"Ba zan iya ba."

"Kofi ɗaya. Ba ki san yadda wurin yake ba. Tun yaushe nake can ni kaɗai, ba wanda ya zo nema. Nan akwai rana. Dubi rana, Makwarwa." Ya miƙo hannun hagu. "Kar ki mayar da ni."

Na koma ɗakin girki. Shayin ya yi launin zuma, daidai yadda yake so. Na tsaya riƙe da tukunyar har hannuna ya fara ƙuna. Sai na ɗauke ta na fita ta ƙofar baya, na yi bisimilla na zubar a ƙasa.

Ya kira ni sau biyu. Na toshe kunnena da gyale na zauna a bayan ƙofa har motar ta zo.

Asabar, 12 ga Oktoba, asibiti, da la'asar

An yanke jiya. Ya farka ɗazu, ya dube ni, ya dubi inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu. Na jira ya yi kuka ko ya zage ni.

"Me kike tsaya min a kai kamar mai jiran gado? Kira min Tiziri."

Na kira. Ya ce mata, "'Yata," sau ɗaya. Na bar musu ɗakin.

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Mun dawo gida tun makon jiya. Tiziri ta zo, za ta tafi da shi can Faransa a yi masa ƙafar roba. Yana koyon sanda yana zagin sandar. Lafiya lau yake, kullum cikin faɗa.

Ya ce a sare bishiyar. Nanna Zahwa ta ce kul, ba a korar mutum daga ɗan wurin da ya rage masa, a dai bar ta kamar yadda Yemma ta bar ta. Ta juyo gare ni.

"Busasshen da kika tara fa?"

"Na ƙona."

Ta daɗe tana kallona kafin ta ce to madalla.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Sun tafi. A bakin mota Dadda ya ce in kulle gidan in koma Aljiyas, me zan zauna yi. Na ce sai na gama kintsa kayan Yemma.

Ganyen bishiyar duk ya zube. Rassan sun yi fari, tsirara.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, tsakar rana

Mai kifi ya yi ta oda. Ban fita ba.

Rana ta fito sosai yau, ta cika tsakar gida, kujerar Dadda na nan ba kowa a kai. Na kasa zama a ciki. In na ji ɗuminta a bayana sai in tuna abin da ya ce. Dubi rana, Makwarwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Buhun busasshen ganyen yana ƙarƙashin gadon Yemma, ban ƙona ba. Na buɗe don in ga ko ya yi fumfuna. Bai yi ba. Ya bushe da kyau, yana ƙaras-ƙaras a hannu.

Na tafasa kaɗan, don ƙamshin kawai.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi tunanin abin ta kowace fuska, kamar yadda nake sa yara su yi. Dadda yana da 'ya, ni ba ni da kowa da zai kira ni ya ji ban gane shi ba. Yidir ya yi shekara da shekaru a wurin nan shi kaɗai. Ni kuwa na sha rana iya shan ta, ban ma taɓa gode mata ba. In na ba shi ɗan lokaci a yini ya fito ya ji ɗumi, me zai rage ni da shi? Sanyi ne kawai da duhu. Rabin kofi. Ni ba Dadda ba ce, zan san inda zan tsaya.

Na fitar da kujerar tsakiyar rana, inda zai ji daɗinta.

Lahadi, da la'asar

Akwai gishiri.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, tsakar rana

Mai kifi ya zo, na sayi masu ƙiba. Nanna mai sanda ta leƙo ta katanga tana ta kiran Farruja, Farruja, har da kuka. Na ce mata Makwarwa ta ɗan fita, za ta dawo.

Rana da daɗi yau. Alƙalamin nan ya fi zama daidai a hannun hagu.